Gaisuwa a Radiyon Masu Gadin Daji

Ƙarfe goma da rabi na safe shef, wato shugaban masu gadin daji, ya miƙo mini radiyon, wata ranar Asabar a watan Afrilu, a kan wani tudu yamma da Lyon. Daga nan abin ya fara lalacewa. Na karɓa da hannu biyu har da ɗan rusunawa, yadda ake karɓar abu daga hannun babba. Ya dube ni, ya dubi gwiwoyina, ya wuce wurin na gaba.

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun itatuwa da ƙasar noma, cikin shekarun tamanin. Ni kaɗai ce 'yar Nijar a ajinmu. Dokar makarantar ita ce kowane ɗalibi ya yi aikin fili a babban hutu, abin da muke kira sitaj, kuma wanda bai yi ba sai ya maimaita shekara. 'Yan ajinmu ba su damu ba. Wannan kawunsa na da gonar inabi, wancan babansa ya san wani a gandun daji. Ni kuwa wanda na sani a ƙasar duka shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, da ke zaune a Sevran kusa da Paris yana aika shadda da kayan mota zuwa Maradi. Ba itace ko ɗaya a harkarsa.

Sai na ga sanarwa a bangon laburare. Ana neman ɗalibai da za su yi gadin daji a kudu cikin watannin zafi. Za a sa mutum a kan hasumiya, a ba shi madubin hangen nesa da taswira, ya wuni yana kallon duwatsu, in ya ga hayaƙi ya sanar. Aikin zama ne da kallo da shiru. Ban taɓa jin aikin da ya yi kama da ni kamar wannan ba. Ni ce wadda ke iya wuni a laburare ba wanda ya san na shigo, ni ce kuma wadda malamin tsirrai ke ɗaga zanenta ya nuna wa aji, ni kuwa ina sunkuye ina roƙon Allah ya ajiye.

Abubuwan da suka ce a kawo na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na je likita ya auna ƙirjina da idanuna, ya sa na hau benci na sauka har numfashi ya kusa ƙare mini. Na yi layi a ofishin baƙi don izinin aikin hutu. Ba ni da parmi na tuƙi, amma suka ce masu sintiri a mota ne ke buƙatarsa, mai hasumiya ba ruwansa. Mafi wuya ita ce takardar agajin gaggawa. Kowace Laraba da yamma sai in je wani zaure da ke warin roba, in durƙusa gaban wani mutum-mutumi marar ƙafafu in hura masa iska a baki, samari suna tsaye suna kallo. Na jure, na ci jarrabawar. A unguwar La Guillotière na sayi takalmin daji na gwanjo a shagon wani Balarabe, da wando mai kauri, wandon farko da na taɓa fita da shi kan titi. Na sayi doguwar rigar ruwa na ɗora a kai, ko da rana ake.

Taswira kuwa kamar don ni aka yi ta. A ɗakina na shimfiɗa ta a ƙasa na koyi karanta tudu da kwari daga layukanta, na koyi busol, wato ɗan agogon nan mai nuna arewa. A jarrabawar rubutu, da safiyar ranar da muka hau tudun, na gama kafin kowa, na zauna ina sake duba abin da na riga na duba.

Shef mutum ne gajere mai furfura, tsohon ma'aikacin kashe gobara, fatar wuyansa ta yi ja kamar tukunyar da aka gasa. Kafin ya raba mu ya koya mana radiyo a tsaye. Ka danna maɓalli, ka faɗi lambar wurinka, ka faɗi inda hayaƙi yake da lambar da busol ya nuna, ka faɗi launinsa, ka faɗi ko a miƙe yake tashi ko iska ta kwantar da shi, ka saki. Ya ce layin guda ne tak. Muddin yatsanka na kan maɓalli, duk hasumiyoyi da motoci suna jin ka, kuma ba wanda zai iya magana sai ka saki. Na rubuta duka, na haddace tun kafin ya rufe baki.

Aka baza mu a kan tudun, kowa da dutsensa, ba mai ganin wani. Can ƙasa mutanen shef za su kunna ɗanyar ciyawa a cikin ganga a inda ba mu sani ba. Shef ya koma motarsa, shi ne cibiya.

Ni na fara ganin hayaƙin. Wani siririn farin abu ne a bayan wani ƙauye mai jan rufi, yana tashi yana karkata gabas. Na ɗora busol, na duba taswira, na samu wurin daidai, har da sunan rafin da ke gefensa.  Na ɗaga radiyon na danna.

Abin da ya fito daga bakina, da Faransanci mai kyau irin na littafi, shi ne:

"Barka da safiya, shef. Da fatan kuna lafiya. Ya aiki, ya ɗawainiya da mu?"

Sannan na saki maɓallin na tsaya jiran amsa, domin ba a gaida mutum a zarce da magana bai amsa ba.

Radiyon ya yi shuuu na ɗan lokaci. Sai muryar shef ta fito, a hankali, kamar mai karanta labarai:

"Lafiya lau, madmazel, na gode. Matata ma lafiya, karenmu ne ke ɗan ɗingishi. Akwai wani abu, ko zumunci ne kawai?"

Ban ga fuskar kowa ba, amma na ji dariyar ta taso daga bayan duwatsu, nan da can, iska na kawo ta gutsi-gutsi. Kafin in sake dannawa, wani dogon saurayi ɗan ajin injiniyoyi ya shigo layi ya faɗi hayaƙin cikin numfashi ɗaya. Lambar busol ɗinsa ma ba daidai take ba. Shef ya ce an ji, ya gode.

Na zauna a kan dutsen, kunnuwana kamar an zuba musu barkono. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne tsakar gidanmu a Damagaram. Ina ƙarama na taɓa shigowa a guje ina cewa akuyar maƙwabta ta mutu a bakin rijiya. Mahaifina na zaune da baƙi a zaure. Mahaifiyata ta kama ni a kafaɗa ta fitar da ni har ƙofar gida, ta ce in sake shigowa kamar ɗiyar mutane. Na yi sallama, na durƙusa, na gaida kowa, na tambayi gajiya, sai da aka ce mini "mene ne?" sannan na faɗa, shi ma ba kai tsaye ba. A gidanmu mugun labari ba a jefa shi. Ana ajiye shi ne a gaban mutum a hankali, bayan an tabbatar ya zauna. Na girma a haka, har ana kwatance da ni a unguwa.

Da rana aka ci burodi da cuku a gindin motoci. Dogon saurayin ya zo ya cire hularsa ya rusuna har ƙasa.

"Madmazel Bonjur, ya iyali? Ya kakanni? Gidanku na ci da wuta, amma ba gaggawa."

Wata yarinya mai gajeren gashi ta ce masa ya rufe baki, ta dafa ni ta ce ai abin ya yi daɗin ji, mutanenmu na da ladabi. Tata ta fi yi mini zafi. Na ce ba na jin yunwa, na koma gefe na buɗe taswira kamar akwai abin da nake nema.

Bayan abinci aka sake gwaji. Duk hanyar hawa ina ce wa kaina ba gaisuwa, ba gaisuwa. Hayaƙin ya tashi, wannan karon baƙi, sun sa tsohuwar taya. Na same shi. Na danna. Ban gaishe shi ba, gaskiya ne. Cewa na yi:

"Ku yi haƙuri da damun ku da zan yi, shef, kamar dai akwai ɗan hayaƙi…"

"Ban ji ba. Ɗaga murya."

Na maimaita. A kunnena ihu nake yi.

"Lamba ta nawa ke magana? Ɗaga murya, ba a coci muke ba!"

Na sake dannawa. Yatsana kuma ya ƙi sakin maɓallin, na riƙe layin duka, ba na magana, ba na barin wani ya yi. Tudun gaba ɗaya na sauraron numfashina. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Da na saki, ba wanda ya yi dariya, kuma a motar komawa ba wanda ya tsokane ni. Shef ya ce kowa ya zo ofis bayan hutun Ista ya ji matsayinsa.

Hutun na yi shi a Sevran kamar kullum. Gidan kawu a can sama yake a ɗaya daga dogayen benayen unguwar Beaudottes, falon cike da kwalaye da dilolin shadda har an bar 'yar hanya a tsakiya kamar ta ɓera. Tun a bakin ƙofa matarsa, Hajiya, ta riƙe haɓata ta juya fuskata.

"Ke kuma wa ya rasu?"

"Ba kowa, Hajiya. Gajiyar jirgin ƙasa ce."

"Jirgin nan da ake cewa ya fi tsuntsu gudu? To shigo."

Na yi kwanaki ina ninke atamfa ina wanke kwanoni. Kawu kuwa duk baƙon da ya shigo sai ya nuna ni ya ce ga ɗiyarsa da Nasara za su ba tsaron dajinsu. Ranar da Hajiya ke tuƙa tuwon semolina ina yanka mata kuɓewa, ban san yadda aka yi ba na fara ba ta labari. Na faɗa mata duka, har da karen shef.

Ta ajiye muciya. Ta dafa bango. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan buhun shinkafa tana share ido da gefen kallabi.

"Wayyo cikina. Ya ɗawainiya da mu! Ke ɗiyar nan, Allah ya shirye ki. Alhaji! Alhaji, zo ka ji!"

Na roƙe ta, amma ina. Kawu ya shigo da carbi a hannu, ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba alamar dariya. Da ta gama sai ya gyara tsayuwa.

"To mene ne abin dariya a nan? Yarinya ta gaida na gaba da ita. Su ne ba su da tarbiyya. Mutum ya haɗu da kai a lif kamar ya ga akuya. Allah ya yi miki albarka, ɗiyata, kin nuna musu gidan da kika fito."

Daga ranar labarin ya zama nasa. Ranar Juma'a abokansa 'yan kasuwa suka zo daga Clichy-sous-Bois cin abinci, ina ɗauke da tiren shayi na ji yana ba su, ya ƙara masa gishiri: wai wuta na ci ta ko'ina, jirage na shawagi, ɗiyarsa ta ce ba za ta yi magana ba sai babban kwamanda ya amsa gaisuwa. Alhazai suna ta "Masha Allah". Wani tsoho ya kira ni ya sa mini albarka, ya ce irinmu ne ke riƙe wa ƙasa mutunci a waje. Na durƙusa na ce amin. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan durƙuson ba, domin na san abin da ya faru a gwaji na biyu, wanda kawu ya tsallake, kuma na san shekarata ce ke shirin zubewa.

Sai dai maganar kawu ta ba ni wurin ɓuya, na kuwa shige. Na fara ce wa kaina ai al'ada ce, ba laifina ba ne, haka aka rene ni. Na faɗa wa Hajiya haka da safe muna shanya a baranda. Ta juyo da ƙyallen wanki a hannu.

"Al'adar wa? Ke kin taɓa ganin gobara a Damagaram?"

"Na taɓa gani daga nesa."

"To ni a gabana rumbun kakata ya kama. Matar da ta fara gani ko zane ba ta ɗaura daidai ba, ta fito tana kururuwa har limami ya yanke alwala. Wa ya ce mata ba ta yi sallama ba? Uwarki ma da ke miki wannan horon, ki bari wuta ta kama mata ɗaki ki ji muryarta. Kar ki ɗora wa mutanen garinku. Tsoro ne ya kama ki, shi ke nan."

 Ta nuna ƙasa, inda ɗanta ke ƙwallo da yaran unguwa a filin tsakanin benaye.

"Kira shi. Ce masa ya hawo."

Na leƙa na kira. Ko tantabarar da ke kan ƙarfen baranda ba ta motsa ba.

"Wannan kira ne ko addu'a? Matsa."

Ta cika ƙirji ta saki murya. Yaron ya daskare da ƙafa a sama, wata Baturiya a benen da ke fuskantarmu ta rufe taga. Hajiya ta ci gaba da shanyarta.

"Ki koma ki tambayi mutumin nan. In ya ce a'a, a'a ce, ba mutuwa ba ce. Amma kar ki zauna mini nan kina ninke atamfa kamar mai takaba."

Na koma Lyon. Na yi kwanaki ina wucewa ta gaban ofishin ba na shiga. Sau ɗaya na hango dogon saurayin yana fitowa yana murna, na shige shagon sayar da jaridu na tsaya har ya yi nisa. A makaranta malamin da ke kula da sitaj ya tare ni a matakala ya ce kowa ya kawo sunan wurin da zai je, saura ni. Na ce masa ina jiran amsa. Ya ce kar jiran ya wuce ƙarshen wata.

Washegari da hantsi na shiga. Sakatariya ta ce shef ya fita fili, in jira. Na zauna a benci a wani lungu mai warin man inji, takalman daji jere a gefen bango da busasshiyar laka a jikinsu. Wajen azahar ya shigo, hula a hammata, yana cin burodi daga takarda. Ya gan ni, ya yi mini alama da kai in biyo shi.

Tun a benci na yanke shawara ba zan ba shi abin dariya ba. Na shiga na tsaya gaban teburinsa a miƙe, hannuwa a gefe, ban ce uffan ba. Ya daina tauna.

"Yau kuma ba gaisuwa? Nan ofis ne, madmazel. A nan ana gaisawa."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na gaishe shi. Ya amsa, ya nuna mini kujera, ya share gutsuren burodi daga kan teburin da gefen hannu.

Na ce na zo jin matsayina. Na ce in ban samu sitaj ba zan maimaita shekara. Na ce na san abin da na yi, kuma in za a ba ni dama guda zan gyara, na yi ta gwadawa a ɗakina. Wannan karon bai ce in ɗaga murya ba, sai dai ya ɗan matso da kunnensa. Da na gama ya jingina da kujera ya dubi taswirar da ke bango.

"Hasumiya dai a'a," ya ce. "Idonki ya fi na kowa a cikinsu, amma ni ba ido nake ɗauka ba, baki nake ɗauka. A ɗaki kowa na iya ihu. Can kuwa akwai gidaje a ƙarƙashin dutsen, da tsofaffi a ciki, ba zan gwada ki a kansu ba. Akwai wurin da muke renon 'ya'yan itace, waɗanda ake dasawa inda wuta ta cinye. Suna neman mai ban ruwa da cire ciyawa daga watan Yuli. Aikin durƙuso ne cikin rana, ba wanda ke so, amma makarantarku na karɓarsa. In kina so, naki ne. Ba radiyo a wurin. Itatuwa ne dubbai, ki gaishe su ɗaya bayan ɗaya in kin ga dama."